Kwana Taran da Yaya Bitrus Ya Riƙe Labarin

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus, kuma har yau akwai abu ɗaya game da shi da na kasa yanke wa hukunci. Na zaci girma zai warware mini shi. Ga ni na yi ritaya daga koyarwa, har da jikoki, amma abin yana nan yadda ya bar mini shi.

Yaya wakilin wata jarida ne a Jalingo, a shekarun da garin ya zama babban birnin jiha, ana ta buɗe ofisoshi a gidajen haya. Ɗaki ɗaya gare shi a unguwar Turaki, da tafireta, da tsohon babur. In ya gama buga labari sai ya kai tasha ya ba direba ya kai wa edita. Ni kuwa ina koyarwa a Nukkai, ranar Lahadi in an tashi daga coci nakan biya in dafa masa abinci.

A irin wannan Lahadin ce ya aro kaset ɗin wani fim na Turawa, muka taru a falon maƙwabcinsa. Labarin wani ɗan jarida ne da aka tsegunta wa wata ɓarna da manyan garinsu ke ɓoyewa. Edita ya ce ya dakata ya tabbatar, ya ƙi, ya buga a ranar. Daga baya maganar ta zama gaskiya, aka kama masu laifi. Duk muka yi tafi, ban da Yaya.

"Talatu, wannan ba aiki ya yi ba, sa'a ya ci," ya ce da ni da yake raka ni. "Mutum ɗaya ya faɗa maka magana, sai ka buga sunan wani? In ƙarya ce fa?"

Na ce ai fim ne. Ya ce shi ya sa abin ya dame shi, don masu tasowa za su ɗauka haka ake yi.

Ba a rufa wata biyu ba wani manomi ya zo masa daga wani ƙauye kusa da Lau. Ya ce yara biyu sun rasu bayan sun sha maganin tari, kuma a kemis ɗin wani Malam Buba aka saya. Yaya ya hau babur ya tafi. Iyayen sun zubar da kwalaben, malamin asibitin ƙauyen ya yi tafiya, Malam Buba kuma ya rantse bai taɓa sayar da irin maganin ba. Yaya ya roƙi mai gari ya ja kunnen jama'a, ya dawo ya buga labarin a tafireta, ya ajiye shi a aljihun tebur.

Na ga labarin ranar Lahadi, na ce, "Yaya, yara ne fa. Ka aika."

Ya ce, "In sunan Malam Buba ya fito, za a ƙona masa shago, wataƙila da shi a ciki."

Kwana tara ya yi yana kai-komo a hanyar Lau. A na tara ne ya samu kwalba ɗaya a wani gida, malamin asibiti ya duba, aka gano wani mai yawo da magani a keke ne yake kawowa ranar kasuwa. Malam Buba ba shi da hannu. Sai dai a kwana na shida wata yarinya 'yar shekara uku ta sha maganin, ta rasu.

Labarin ya fito, aka yi shela a coci da masallaci, mai keken ya ɓace. Abokan aikin Yaya suka yi ta yaba masa, shi kuwa ya daina cin abincin kirki. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi aika gargaɗi ba tare da suna ba. Ya ce edita ba ya buga jita-jita, ya ce jarida ba ta kaiwa ƙauyen nan, ya ce ya gaya wa mai gari. Sai kuma ya ce, "Ban sani ba." Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda, ya tafi.

Yanzu kowa da jaridarsa a aljihu. Kafin in gama karin kumallo, waya ta kawo mini hoton wani an ce ɓarawo ne, ba wanda ya san wa ya faɗa. In na gani sai in ce Yaya ne da gaskiya. Amma wayar nan ce ta tashe mu a Nukkai lokacin da ruwa ya yi ambaliya, ba wanda ya tsaya tabbatarwa, kuma da an tsaya da an yi asarar rai. Da Yaya yana nan, zai zage mu ne ko zai yi kishinmu? Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan.

Abin da ya rage mini na tabbas kaɗan ne. Malam Buba ya tsufa a shagonsa, ya rasu bai san an taɓa buga sunansa a tafireta ba. Ranar jana'izar Yaya kuma wata mata ta zo daga Lau da busasshen kifi a ƙwarya. Uwar yarinyar nan 'yar shekara uku ce. Ta kama hannuna ta ce da irin Hausarta, "Mutane da yawa ya zo. Shi kaɗai ya tambaya sunan yarinya na."

Ba ta san da kwana taran ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina yi mata godiyar kifi.