Sunan Ajuma a Gilashin Kamiyo

A shagon yankan otokolan na bakin tashar Gaya, inda ake yin rubutun da ake mannawa a gilashin mota, wani dattijon shofer mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, yana tsaye bayan mai ordinatar, wato kwamfuta, hula a hannu, baƙin mai a farce. Sunan Ajuma ne a ekran ɗin kwamfutar: fararen haruffa a sama, shuɗi a ƙarƙashi yana leƙowa ta gefe. Sai cewa yake a ƙara faɗin shuɗin, a sake daidaitawa kafin a yanka.

Na zaci Ajumar amaryarsa ce. Na gaji da jira, na ja tsaki. "Baba, suna ne fa kawai."

Ya juyo, babu fushi. "Kalar zanenta ce, ɗana. Ina Kwatano da kaya aka binne ta."

Har ya fita ban iya ɗaga kai ba.