Jiragen Ba-Zama

Mai gyaran agogon da ke ƙarshen layi Ba-Zama ake ce masa, kuma sunan ya bi jiki. Shayi ma a tsaye yake sha. In babu agogo a gabansa, sai ya jawo akwatin ƙananan jiragen yaƙi na roba, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Ya kankare fiffike, ya sauya farfela, ya yi fenti da buroshi mai gashi uku. Jirgin da ya gama jiya, yau zai ɓalle shi wai hancin ya karkace. Matarsa ta ce da gidan ne ke samun wannan gata, da tuni famfo ya daina ɗiga.

Shekara ashirin, duk Asabar shi da yayansa suna shimfiɗa taswira a tebur, su kafa jiragen a kan ƴan tsinkaye, su auna da tef, su jefa ɗan lido, su yi ta musun wa ya harbo wa. Sai Yaya ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, na hagu na rawa, ya kasa zura tsinke a ramin cikin jirgi. Ya ture akwatin ya ce ya bar wasa. Bayan wasan sai ya bar hira, ya bar dariya.

Wannan abu ya hana Ba-Zama sukuni, don tsoro yake kada yayan ya bi wasan ya tafi. Mako uku yana kai da komo a shago kafin dabara ta zo masa: ɗan maganaɗisu a cikin jirgi, wani a kan tsinke. Ko hannu na rawa, kana kusantowa ɗaf, ya kama. Cikin yini ɗaya ya manne goma sha biyu da gam. Ai doka ce a gwada gefen da ke ja kafin a manne, amma ina! Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce? Sauri ya haifi nawa.

Ranar Asabar ya shimfiɗa taswira a gaban Yaya.

"Yaya, ɗora kawai. Ba sai ka nemi rami ba."

Yaya ya daɗe yana kallon jirgin kafin ya miƙa hannun hagu ya ɗauka. Yana kusantar tsinken, jirgi ya yi tsalle ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Sai ya janye hannun ya ɓoye a cikin riga.

"Na gaya maka," in ji shi a hankali. "Hannun nan ya gama aiki."

 Ba-Zama ya fizgi jirgin ya ɗora da hannunsa na gyaran agogo, wanda bai taɓa rawa ba. Jirgi ya yi wuf ya faɗa cikin kofin shayi. Ashe duka goma sha biyun a juye ya manne maganaɗisunsu, turewa suke maimakon ja.

Yaya ya dubi kofin, ya dubi ƙanen nasa. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya fara motsi.

"Kai ma?"

Dariya ta kece masa har da hawaye. Ya fito da hannun daga riga ya jawo ɗan lido.

"Bar su a ƙasa, a ce ba su tashi ba tukuna. Zauna mana!"

Ba-Zama ya ja kujera ya zauna.