Takardun Ƙosan Gwaggo Hanne

Wata safiyar Laraba, a daminar da na shiga aji huɗu, na tsaya bakin kaskon Gwaggo Hanne a Kara ina ta rusa kuka. Gwaggo yayar Baba ce, ƙosai take toyawa a ƙofar gidanmu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a aji ba. Takan sayo tsofaffin takardun naɗe ƙosai daga kasuwar Gwarzo, amma da dokarta: ba a naɗe komai da takarda sai ɗayanmu ya karanta mata ita tukuna. Wadda ta yi mata daɗi ta adana a kwalla, wadda ba ta yi ba ta ce, "Wannan ta ƙosai ce."

Ran nan ina cikin karanta mata wani labari sai muka tarar an yi kuskure, shafin ƙarshe ya bi wani manomi gona da ƙosai a ciki, shi ne na fashe da kuka. Gwaggo ta sauke kasko, ta bar masu saye a tsaye, ta yafa gyale ta bi mutumin har gonarsa can hanyar Sabon Birni. Sai da hantsi ta dawo, zaninta duk laka, riƙe da takardar sharkaf da mai. "Share hawayenka ka ƙarasa min," in ji ta.

Haka muka tashi mu huɗu 'ya'yan Baba, muna ɓarar gyaɗa ko surfen wake muna yi mata karatu bi da bi. Ba ta raga wa kowa. Ka yi in'ina ta sa ka sake, ka rubuta naka labarin ka kawo mata ta taɓe baki ta ce, "Mutum ba ya magana haka." Yau uku a cikinmu marubuta ne, kowa cewa yake gadon Baba ne tunda malamin makaranta ne. Mu ma haka muka riƙa faɗa, ko kunya babu.

Da littafina na farko ya fito na kai mata Kabo, inda tsufa ya zaunar da ita wajen ɗanta. Ta ce in fara daga farko. Farkon kuwa shafin godiya ne: ga Baba, ga malamaina, har mai ɗab'i, ban da ita. Kunya ta rufe ni, na ƙara sunanta da baki. Fuskarta ta washe, ta ce, "Nuna min wajen." Na ɗora yatsanta a kan sunan Baba, ta daɗe tana shafawa.

Yanzu gidajenmu cike suke da littattafai, amma babu mai zaunar da mu mu karanta masa, ina kuwa kewar hakan. Sunanta ya shiga bugu na biyu bayan an yi sadakar arba'in ɗinta.