Baba Ewandoros, Wa Ka Bar wa Jinin Filinos?

Ranar tara ga watan tsinkar zaitun, da hantsi, mahaifina Ewandoros mai zuma ya rasu a gidansa da ke gindin dutsen Himetos, ana saura kwanaki kaɗan ya tsaya gaban alƙalan Dutsen Ares don ƙarar wanda ya kashe ɗansa. Ni ce Arkedika, 'yarsa, wadda ta rage.

Baba, kai da ko ƙudan zuma ya harbe ka sai ka ce laifinka ne, ka tsoratar da shi. Shekarar da Tarasilos maƙwabcinmu ya kwanta ciwo, kai ka nome masa gona. Wannan Tarasilos ɗin ne ya rotsa kan yayana Filinos da fartanya a kan rigimar hanyar ruwa.

Ranar jana'izar Filinos ka ɗauki mashi a gaban gawa kamar yadda al'ada ta ce, alamar za ka bi jininsa. Samarin unguwa suka zo da wuƙaƙe, suna cewa, "Tsoho, ba mu izini kawai!" Ka ce musu, "Ku koma gida, 'ya'yana. Zan rama, amma a gaban alƙalai. Ba na son wata uwa ta yi kukan da matata ke yi saboda ku."

Ka je birni aka rubuta maka jawabi, ka dawo kana haddacewa a tsakar gida, ni da Inna muna zaune a matsayin alƙalai. Duk ka iya, sai wurin da aka rubuta cewa ka tsani mutumin nan kuma za ka ji daɗin ganin mutuwarsa. Nan kake tsayawa. Inna ta ce, "Faɗi mana, maigida! In ba su ga wuta a idonka ba, cewa za su yi ba ka damu da ɗanka ba." Ka ce, "Na san shi tun yana rarrafe, Nikarete. Bakina ya ƙi." Amma washegari ka sake tashi ka gwada, har muryarka ta dishe. Na san abin da ya cinye ka ke nan, ba zazzaɓi ba.

Yanzu wa zai tsaya? Mace ba ta magana a kotu. Na durƙusa wa Dekisiyos ɗan ƙaninka, namijin da ya rage mana, na riƙe gwiwoyinsa. Ya ce, "Ke ƙanwata, Tarasilos na da mutane. Ni ina da yara." Jiya aka ga Tarasilos a kasuwar da aka haramta masa shiga saboda tuhumar kisa, yana taya kifi yana dariya. Filinos kuwa na kwance ba wanda ya rama masa, Inna ta daina cin abinci, kullum tana bakin ƙofa tana tambayar masu wucewa ko an sa sabuwar ranar shari'a.

Ina roƙon abin bautarmu Hamis mai rakiyar matattu ya riƙe hannunka a hankali, don ƙafarka ta hagu ba ta da ƙarfi. Sarkin ƙarƙashin ƙasa da matarsa su tausaya maka, su ba ka wuri mai inuwa. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da gwaggo Filumene, da duk wanda ya taɓa shan zumarka.

In ka haɗu da Filinos, Baba, ka gaya masa ka yi iya ƙoƙarinka. Kada ka gaya masa cewa ba kowa a bayanka.