Lakar da ta bushe a gindin bututun Tanimu

Shekara biyar ke nan, a yammacin jajiberin ƙaramar Sallah, bututun ƙarfe ya share yayana Tanimu daga kan soron gidanmu a Gazara. Da ka ya faɗo. Bai kai safiya ba. Ni ina tsaye a gindin bututun, ya doke ni a haɓa, haƙoran gaba suka zube. Shi aka binne bayan an sauko daga idi, ni aka kai asibiti a Makarfi.

Tanimu mai walda ne, kuma shi ke gyara injinan ban ruwa na mutanen fadama. A waya ya ga yadda ake haɗa madubin hangen sama, abin ya shiga ransa. Ya samo gilashi mai kauri, faɗin faranti, ya yi ta gurza shi da garin dutsen wasa wuƙa har tsakiyarsa ta yi ɗan kwarmi. Damina ta wuce, rani ya wuce, yana gurzawa. Daga nan ya kai shi Zariya aka shafa masa fuska ya zama madubi.

Ya ce min komai na abin awo ne. In kwarmin ya yi zurfi, bututu gajere ya isa. In bai yi zurfi ba, sai dogo. Nasa bai yi zurfi ba, don haka bututun ya fi tsawon mutum biyu. Mai walda kuwa ƙarfe ya sani, sai ya ɗauko tsohon bututun rijiyar burtsatse. Babban madubi a gindi, ƙarami a baki, ɗan gilashin da ake sa ido a gefen bakin. Ya kafa gwafa ta ƙarfe a kan soro ya ɗora shi. Bakin ya rinjayi gindin.

Mu 'ya'yan fadama ne. Mahaifinmu da jigo ya ciyar da mu: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya. Tanimu bai yi dogon tunani ba. Ya kwaɓa laka, ya yi ta liƙawa a gindin bututun har ya tsaya daidai, yatsa ɗaya yana juya shi. Abin da ya manta shi ne, mai jigo hannunsa na kan igiya duk yini. In laka ta bushe ta yi sauƙi, nan take yake ji, ya ɗebo wata a magudana ya ƙara.

A tsakiyar azumi ya leƙa wata yana can sama, bututun kusan a tsaye. Ni ina Ikara wajen dafa mazarƙwaila. Da na dawo ya ce, "Haladu, akwai ramuka a jikinsa. Da duwatsu. Wallahi na gani." Kuskurensa na biyu, ya je ya faɗi haka a teburin Ɗanlami mai shayi.

Ɗanlami ya ce, "Injiniya, jigo ka kafa a kan soro, wata za ka yi wa ban ruwa? In ya nuna a ba mu ɗanɗano." Aka yi dariya har wani ya ƙware. Daga ranar sunan Tanimu ya koma Jigo. Yara suna binsa da shi a hanya. Ana kiran 'yarsa Hajara 'yar Jigo a gaban idonsa. Ya rufe bututun da tamfol, ya ɗaure bakinsa sama da igiya, ya yi rantsuwa ba zai buɗe ba sai ranar neman watan Sallah, kowa ya zo ya gani. Sunansa yake so a maido masa, ba wani abu ba.

Azumin bazara ne. Rana tana dukan soro tun safe har yamma, lakar tana bushewa a ƙarƙashin tamfol.

Ranar, bayan an sha ruwa an yi Magariba, ƙofar gidanmu ta cika. Ba don Allah suka zo ba, kallo suka zo. Jinjirin wata ƙasa-ƙasa yake fitowa a yamma, dole a kwantar da bututun. A tsaye nauyi ba ya nuna kansa, a kwance yake nunawa. Tanimu ya hau turmi a gefen soro, wajen bakin, ya ce, "Sassauta igiyar." Na sassauta. Bakin ya yi ƙasa gaba ɗaya, gindin ya yi sama.

Ban suma nan take ba, don haka na ji abin da na ji. Dariya aka fara yi. Ɗanlami ya ce, "Guga ya tafi rijiya!" Kafin dariyar ta mutu wani ya ɗaga murya, "Ga wata! Ga wata can!" Na rarrafa bakin soro, jini na zuba a rigata, na leƙa ƙasa. Yayana yana kwance. Mutanen garinmu sun juya masa baya, suna nuna yamma da yatsa. Matarsa da Hajara ne suka isa gare shi da farko. Daga baya kowa ya ce bai san abin ya kai haka ba. Wataƙila gaskiya ne. Ni dai bayansu na gani.

Nakan tambayi kaina me Tanimu zai ce da ya ga yau. Jigo ya ƙare a fadamarmu, sola ke jan ruwa. Yaran da ba su taɓa ganin jigo ba sun san kalmar, amma a matsayin sunan wani mahaukaci da ya faɗo daga soro. Kowa na da hoton wata a waya, da ramukan da duwatsun, ana turawa juna ana cewa ikon Allah. Ba wanda ya zo ƙofar gidanmu ya ce ashe mutumin nan gaskiya ya faɗa.

Bara waccan wani yaro daga Furana ya nemi Hajara. Yaron kirki, ita ma tana sonsa. Danginsa suka zo bincike kamar yadda aka saba, suka zauna shan shayi. Ɗanlami ya ce musu yarinya ba ta da aibi, sai dai gidan akwai taɓin hankali. Ba su dawo ba.

Shi ya sa na ciro madubin daga ƙarƙashin gado. Bai fashe ba, gindi ne ya yi sama da shi. Bututun kuwa tuni 'yan jari bola suka tafi da shi, ban hana ba, ƙaramin madubin da ɗan gilashin kawai na cire na ajiye. Na sa kafinta ya yi min dogon akwati da katakon silin, tsawo ɗaya da na da, mara nauyi. Na mayar da maduban da gilashin inda suke, na sha wuya kafin su kalli juna. Sannan na kwantar da akwatin a kan taɓarya, ina matsar da shi kaɗan-kaɗan har na sami wurin da baki bai faɗi ba, gindi bai faɗi ba. Nan na sa gwafa. Ɗan nauyin da ya rage na cike shi da dutse. Dutse ba ya bushewa. Kuma a tsakar gida na kafa shi, a ƙasa.

Wata yana rabi, bayan Magariba, na kira Hajara. Ta daɗe da ido a jikin gilashin. Ta ce, "Baffa, ramukan nan ne Baba yake faɗa?" Na ce su ne. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To ba mahaukaci ba ne." Na ce mai walda ne da ya auna ɗanyar laka. A lokacin yaron Furana ya riga ya yi aure a Kudan.

Labari ya fita. Mutane suka fara sallama a ƙofa. Har Ɗanlami ya zo, ya tsufa, yana ta fara rufe idonsa. Ya ce, "Haladu, abin da ya wuce ya wuce. Bar ni in leƙa sau ɗaya kafin idon ya tafi." Na ce, "Je ka duba da idon da ka ga wata da shi ran da Tanimu ya faɗo." Na rufe ƙofa. Liman ya yi min nasiha a kan haka. Na saurare shi har ya gama, ban buɗe ba.

Abin da ya rage na Tanimu ke nan: madubi mai kyau, da suna mara kyau, da 'ya da ta san wanne ne gaskiya. Allah Ya jiƙansa. Yana makabartar yammacin gari, ta inda watan ya fito. Hajara tana gida. Ni ina Gazara, ba haƙoran gaba, ina dafa mazarƙwaila in rake ya zo. Madubin yana tsakar gida, ƙofar a rufe take.