Wayoyin Gidan Kawu a Yakite

Bayan boren sojoji na biyu, wayar lantarki ta cika Kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi. Kowa ya san daga inda take fitowa. An fasa gidajen waɗanda suka gudu, an fisge wayoyi daga cikin bango, wasu har da guntun siminti a jikinsu. Wasu sun sha wuta, in ka lanƙwasa sai robar ta farfashe a hannunka. Shekarata bakwai ke nan ina aikin sa wuta a gidaje, kuma ko taɓa su ba na son yi.

A daminar nan ne kawuna, yayan mahaifiyata, ya tashi gyaran gidansa na unguwar Yakite. Gidan kashi biyu ne. Shi da iyalinsa suna gaba, ɗakuna huɗu na 'yan haya suna baya. Ya aika a kira ni in sabunta wayoyin.

Da na hau cikin silin, wari ne ya fara tarbata. Kashin ɓeraye ya yi tudu. Ga mushen wani ɓera ya bushe a kan waya, haƙoransa na cikin tagulla. Duk inda aka haɗa waya da waya, da ledar burodi aka naɗe, wani wurin ma da tsumma. Da na sauko na buɗe akwatin wuta, sai na ga ƙusa mai tsatsa a gurbin fiyus. Na fita waje na tofar da yawu.

Na ce, "Kawu, sai an cire komai. Sabuwar waya a cikin bututu, da abin da zai yanke wuta da kansa in an sami matsala, da wayar ƙasa da za a binne da sandar ƙarfe."

Ya ce, "Yi yadda ka sani, ɗana. Ai don haka na kira na gida."

Kwana tara na yi a sashensa. Na yi aikin da har yau ba na jin kunyarsa. Ranar da zan shiga baya, sai ya sa aka jawo wani buhu daga shago aka zazzage a gabana. Wayoyin kasuwa ne, waɗancan na gidajen mutane.

Na ce, "Kawu, waɗannan sun mutu. Kuma rufin baya kwano ne, yana yoyo."

"Ƙwai ɗaya ɗaya suke kunnawa. Me zai faru?"

"Wayar ƙasa fa?"

"Su ai 'yan haya ne. Yau suna nan, gobe sun tashi."

Na tattara kayan aikina na tafi. Na zaci na yi abin kirki. Kawu ya samo wani mutum da ya gama ɗakunan huɗu a yini ɗaya da rabi. Na ji labari, na yi tsaki, na ci gaba da harkata. Ban je na faɗa wa 'yan hayar komai ba, don kada a ce na tona wa kawuna asiri.

A ɗakin ƙarshe akwai wata bazawara mai soya makala a ƙofar gida, irin fanken nan namu na Bangi. Igiyar shanyarta ta ƙarfe ce, ta ɗaure ta a ƙusar rufi. Wata safiya bayan an sha ruwa, ta fito ba takalmi ta ɗora jiƙaƙƙen zane a kai. Wuta ta kama ta. Ba ta iya ko ihu ba. Maƙwabciyarta ce ta ga tana karkarwa, ta ɗauki taɓarya ta doke hannun har ya saki.

Makon nan an sake harbe-harbe, sojoji sun tare hanya, babu mota. A cikin kurar tura kaya aka kai ta wurin wani ma'aikacin jinya a bayan kasuwa. Ta rayu, amma yatsunta biyu na dama ba su sake miƙewa ba.

Ranar Juma'a na tarar da Kawu a bakin Masallacin Kuduku, cikin farar riga yana ƙamshin turare, yana ce wa mutane, "Ƙaddara ce. Wutar garin nan tun da aka fara bore ba ta da kai." Suna gyaɗa kai. Ya miƙo mini hannu, na karɓa, tafin nasa da laushi da gumi.

Daga masallaci na wuce gidan na yanke wutar baya. Kawu ya yi faɗa, ya kai ƙarata wurin mahaifiyata. Ita ba ta ce masa komai ba sai, "Yaya, in da 'yarka ce fa?" Ba wannan ne ya motsa shi ba. Sai da 'yan haya biyu suka fara ɗaure kaya, sannan ya sayo waya ta gari, na koma kan aikin.

Ina cikin haƙa ramin sandar ƙasa a bakin ɗakin bazawarar, sai ta fito da hannu a naɗe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni da yaren Sango, "Kai ne ka yi aikin sashen gaba?"

Na ce ni ne.

"Ashe ka sani."

Na ci gaba da haƙa. Ta juya ta koma ciki.

Ba ta kwana a ƙarƙashin sabuwar wayar ba. Kafin in gama, ƙanwarta ta zo ta tafi da ita. Sau ɗaya na ƙara ganinta a kasuwa, tana ɗaukar kwando da hannun hagu. Na shige layin masu atamfa har ta wuce.