Yadda Guguwa Ta Koyi Jira

Ƙanwata ba ta taɓa jiran kowa ba. Mama ta ce ko ranar haihuwarta, kafin a samo motar asibiti ta riga ta iso. Tun tana rarrafe muke ce mata Guguwa, har sunan ya danne na gaskiya. In aka aike mu tare, kafin in lalubo takalmina ta je ta dawo, ta tsaya tana yi min dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki, kuma har yau ban ga abin gudu a duniyar nan ba.

A gidan burodi take aiki, gaban tanda, amma zuciyarta na ofishin 'yan kwana-kwana da ke ƙarshen layinsu. Ta yi shekaru a can tana 'yar sa-kai. Da jiniya ta tashi za ta yar da kwaɓin fulawa ta bi motar a guje, gira duk fari. A wurin gobara sai a sa ta jan tiyo da korar 'yan kallo, in an gama ta wanke tiyon ta naɗe. Ba albashi, ba hular kwano tata ta kanta, kuma ba a barin ta ta shiga cikin gini. Burinta ɗaya ne, a ɗauke ta aiki na dindindin, ta hau motar nan, ta shiga inda ake shiga.

A gwajin ɗaukar aiki, gudu da hawa tsani da ɗaukar nauyi duk takan bar maza a baya. Ɗakin hayaƙi ne ke kayar da ita. Wani dogon ɗaki ne mai lunguna da wayoyi a rataye. Mutum biyu ke shiga, an rufe gilashin takunkuminsu ba sa ganin komai, su yi ta rarrafe suna bin tiyo, na baya riƙe da takalmin na gaba, har su nemo mutum-mutumin yashi su fito da shi. Guguwa takan fito da shi kafin kowa, abokin shigarta kuwa yana can ciki yana kiran sunanta. Ogansu, wani mai furfura da tabon ƙuna a wuya, ya ce mata, "Yarinya, kin ceto buhun yashi kin bar mutum. Biyu ake shiga, biyu ake fitowa." Haka ta faɗi, ta sake faɗuwa. Gwajin bana shi ne na ƙarshe gare ta, don baɗi shekarunta sun wuce na ɗauka.

Ta zo gidana ta zauna a ƙasa, ko ruwa ta ƙi sha. Na so in lallashe ta, amma bakina ya riga ni.

"Ke dai sauri ya haifi nawa. Tun muna yara nake faɗa miki."

"Yaya, wallahi ba da gangan ba ne. Ni ban ma san lokacin da na bayana yake sakin ƙafata ba."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Na ce, "To, in ni ce na sake ki, za ki sani."

Washegari na aro tiyo wurin maƙwabcinmu mai wankin mota. Muka shimfiɗa shi daga kicin, ta ƙarƙashin tebur, ta bayan kujeru, har ɗakin kwana. Muka ɗaure idanunmu da tawul, ta shige gaba, na kama idon sawunta. Maigidana ya dawo ya same mu, ni rabina a ƙarƙashin tebur rabina a waje.

"Lafiya? Ɗankunne ne ya ɓace?"

"Matsa, wuta ake kashewa," na ce masa.

Dabarar ita ce in sake ta ba tare da na ce uffan ba. In ta ci gaba da tafiya, silifas ɗina na nan a ɗaya hannun. Ta sha shi, ba laifi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin rama gudun yarinta. Gwiwoyina suka yi kanta, Mama na cewa mun haukace. Amma sannu a hankali sai ga Guguwa tana ɗan tsayawa, ta motsa ƙafa ta ji ko da nauyi, ta ce, "Yaya, kina nan?" Ranar da na fara jin haka sai da ƙwalla ta jiƙa min tawul.

Ranar gwaji da safe na tsaya a bayan shinge. Aka haɗa ta da wani zabgegen mutum da suke kira Dogo. Suka durƙusa suka shige, aka rufe ƙofa. Shiru. Waɗanda suka riga su ba wanda ya daɗe haka. Na riƙe shingen nan har tafina ya yi shati.

Can sai ƙofa ta buɗe. Guguwa ta fito da baya, hannu ɗaya a wuyan rigar Dogo, mutum-mutumin a tsakaninsu suna jan sa tare. Ta cire takunkumi, ta hango ni, fuskarta sharkaf.

"Yaya, na makara. Shi ke nan."

Daga baya Dogo ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ashe Oga ne ya raɗa masa cewa in sun kai lungu mafi matsi ya sake ta, ya kwanta ya yi shiru. A lokacin hannunta ya riga ya taɓa mutum-mutumin. Sai ta ji ƙafarta sakayau. Ta bar mutum-mutumin, ta juyo a cikin matsin nan, ta biyo tiyo tana lalube har ta dafa hularsa, tana cewa, "Dogo, kana nan?" Ta ɗora hannunsa a takalminta, sannan suka koma tare.

Oga ya tako har inda take zaune. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na san na ɓata lokaci."

Ya ce, "Wa ya ce miki agogo nake kallo? Ƙofa nake kallo, in ga mutum nawa za su fito. Tashi ki je a gwada miki hula."

Ihun da na yi, sai da mai gadi ya leƙo.

Ranar da aka ba su kaki mun je da Mama da mai gidan burodi, wanda ya yi ta mitar an ƙwace masa ma'aikaciya yana kuma rabon burodi kyauta. Muna tsaka da ɗaukar hoto jiniya ta tashi. Kamar kullum Guguwa ce ta riga kowa isa motar, sabuwar hula na ƙyalli a kanta. Ta ɗora ƙafa ɗaya a matakala, sai ta tsaya, ta waiwaya, ta miƙa hannu. Sai da Dogo ya iso ta jawo shi, sannan ta hau.

Na girgiza kafaɗar wata mata da ban sani ba, na ce, "Kin ga waccan da ta tsaya jira? Ƙanwata ce."